FARFAƊIYA BA AIKIN ISKOKI BA CE

Wallahi abin nan ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Yarinya ta faɗi tana kumfar baki, sai ki ji an ce ai mutanen ɓoye ne, a kwashe ta sai gidan 'yar bori. A ce Inna ce ko Ɗan Galadima, a kawo baƙar akuya da turare, a yi girka. Daga Kawo har Unguwar Shanu, wace ce ba ta taɓa jin irin wannan ba?

Mutanen ƙasar Girka na da can ma haka suka yi. Suna da gunkin waraka mai suna Askilefiyos, marasa lafiya su kwana a ɗakin bautarsa na Efidawurus suna jiran magani a mafarki. Sandarsa mai maciji ce a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani likitansu ya rubuta cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, babu hannun gumaka.

Nan gida kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ilmi ta raba mata da bori ta hanyar 'yan taru. To mu ina muka dosa?

Hukumar nan ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Asibitin Barau Dikko na nan cikin gari. Kuɗin akuyar nan, kai shi can. Ki yi addu'a, ki nemi magani, kar ki bari 'yarki ta faɗa murhu kina jiran Jangare.

Allah ya ganar da mu, amin.