Ɗan Kifin Katako Ya Fi Kwalbar Guba

Rannan a ɗakin kwananmu wani abokina ya nuna min bidiyo a waya: wani Ba'amurke na kamun kifin da suke kira smallmouth bass, ba da tana ba, da ɗan kifin roba mai ƙugiyoyi. Muka yi ta dariya, wai aikin masu ƙoshi ne. Da na kwanta sai dariyar ta ƙare, don na tuna abin da na gani da idona a gulbin Gagare.

Da rani, in ruwa ya janye ya bar gurabu, wasu kan tsiyaya maganin ƙwari irin su Gamalin a ciki. Kafin ka ce kwabo, tarwaɗa da karfasa sun taso ciki sama, manya da 'ya'yansu. Wasu kuma gidan sauro suke ja a madadin koma, ba ya barin ko ɗan tsako. To jama'a, kifin nan wa ke ci? Mu ne dai, da muke saye soyayye da yaji da yamma. Sinadarin da ke cikin Gamalin, lindane, tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin waɗanda za a daina amfani da su.

Shi wannan kifin ƙarya ba tsafi ba ne. Yana da ɗan leɓe a gaba. In ana jawo zare, ruwa na bugun leɓen, sai ya nutse yana rangaji kamar kifin da ya ji ciwo. Gwargwadon tsawon leɓe, gwargwadon zurfin nutso. Babban kifi mai farauta, irin giwan ruwa, shi ke kai masa cafka, ƙanana su tsira. Lauri Rapala, wani masunci a Finland, da wuƙa ya sassaƙa nasa a 1936, yau sunansa ya zaga duniya.

Na san za a ce ruwanmu jajir yake da damina, tarwaɗa kuma da gashin baki take laluben abinci, ba da ido ba. Gaskiya ne. Ai nan aikin yake! Itacen rimi ba nauyi, robar tsohuwar jarka za ta yi leɓe, 'yan ƙarafa a ciki su riƙa kacau-kacau don kifi ya ji motsi. Wannan bai fi furojet ɗin da ake kwafowa daga intanet ba?

Makarantar nan tun 1983 take. Masuntan Shinkafi da Zurmi, da rashin tsaro ya hana su nisa da gari, ba wa'azi kawai suke buƙata ba, kayan aiki suke so. 'Yan injiniya, bita a buɗe take. Mu sassaƙa, mu kai wa Sarkawa su gwada, su faɗa mana inda muka yi kuskure. Sun fi mu sanin ruwa.