RA'AYI: Likita ko likitan haƙori? Zaɓin ɗan Damagum da alhakin da ke kan Abuja

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, akan yi wata muhawara a gidajen da Allah ya ba yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa. A Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune da ke kan hanyar Potiskum zuwa Damaturu, muhawarar ba ta da bambanci da wadda ake yi a gidajen ma'aikatan tarayya a Kubwa ko Gwarinpa. Uba yana son a kira ɗansa likita. Idan gurbin likitanci ya kuɓuce aka samu na haƙori, sai a karɓa da sanyin jiki, kamar an yi rashi. Wannan kallo kuskure ne, kuma talakan karkara ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Ta fuskar wahalar karatu, fannonin biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kowanne shekara shida ne a jami'a idan yajin aiki bai tsawaita shi ba, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan yi wa ƙasa hidima. Hukuma ɗaya ce, wato MDCN, ke ba su lasisi, kuma tsarin albashi ɗaya gwamnati ke biyan su da shi. Iyalin da ke dogaro da gona da kiwo sai su yi kusan shekara takwas suna ɗawainiya kafin su ga abin da suka shuka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Likitanci yana da fa'idojin da ba a musun su. Ƙofofinsa suna da yawa: tiyata, haihuwa, cututtukan yara, lafiyar al'umma. Ɗan Damagum ba ya buƙatar barin jiharsa, domin Jami'ar Jihar Yobe tana da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa a Damaturu, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru. Sai dai aikin yana cin mai yinsa. Likitan babban asibitin ƙaramar hukuma shi ne na masu naƙuda, shi ne na yaron da zazzaɓin cizon sauro ya galabaitar, shi ne na wanda mota ta buge da tsakar dare. Yawan yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa shaida ce cewa ladan bai kai nauyin ba. Shekaru da dama alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne kacal a wata, har sai da aka sake duba shi a 2021.

Likitan haƙori kuwa yawanci ya fi samun kwana a gidansa, kuma hanyar buɗe asibitin kansa a buɗe take idan ya tara jari. Aikinsa ya wuce ciko da cire haƙori. Daga wannan fanni ake samun masu tiyatar fuska da muƙamuƙi, waɗanda ake nema ruwa a jallo a kan hanya mai yawan tireloli irin ta Potiskum. Su ne kuma za su iya gane cutar noma tun tana kumburin dasashi, kafin ta cinye leɓe da kumatun yaron da tamowa ta raunana. Sakkwato tana da asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Fannin da ke tsaye tsakanin yaro da wannan masifa bai cancanci raini ba.

Amma shi ma yana da nasa cikas. Guraben karatunsa kaɗan ne, kuma ɗalibi daga Fune yakan nufi Jami'ar Maiduguri ko Jami'ar Bayero ta Kano. Kayan aikinsa suna da tsada. Likita da abin sauraren ƙirji da alƙalami zai iya taimakon mutane da yawa a rana, amma likitan haƙori ba shi da katabus idan babu kujerar aiki, lantarki, ruwa da na'urar tsaftace kayan aiki. Ga shi mutanen karkara ba sa zuwa sai ciwo ya hana barci, bayan an gwada kanumfari da maganin kemis, lokacin da babu abin da ya rage sai cirewa. Shi ya sa masu wannan sana'a ke taruwa a Legas da Abuja, inda ake da masu iya biya.

A nan ne zancen ya dawo teburin Abuja. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2024 cewa ƙasar ta yi asarar likitoci kimanin 16,000 cikin 'yan shekaru, kuma a watan Agustan shekarar Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Kafin nan, a 2023, an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai na tilasta wa sabbin likitoci aikin shekara biyar a gida kafin su sami cikakken lasisi. Dabaibayi ba ya sa doki son garke. Abin da zai riƙe matashi a Damagum sananne ne: alawus ɗin karkara mai tsoka da ake biya a kan kari, gidan zama, tsaro, kayan aiki, da tabbacin cewa zaman ƙauye ba zai toshe masa hanyar ƙwarewa ba.

Iyaye su bar yaro ya auna kansa. Mai jure rashin barci da ganin mutuwa ya nufi likitanci. Mai laushin hannu da haƙurin aiki a ƙaramin wuri ya rungumi haƙori ba tare da jin kunya ba. Masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara kuma su tuna cewa ƙara guraben karatu ba tare da tanadar kujerar aiki da lantarki a garuruwa irin su Damagum ba, horar wa Ingila da Saudiyya ma'aikata ne da kuɗin talakan Yobe.