Kalmar "Tayi" da Makonni Takwas na Farko

A Hausa, kalmar "tayi" ce ke ɗaukar duk abin da ke mahaifa, daga shigar ciki har haihuwa. Kayan sun yi mata nauyi. Masana kimiyya sun ware makonni 8 na farko bayan haɗuwar maniyyi da ƙwan mace a matsayin mataki mai zaman kansa, domin a cikinsu ake aza harsashin gaɓoɓi. Wajen kwana na 6 ƙwan ke fara maƙalewa a bangon mahaifa, wajen na 22 zuciya ta fara bugawa, zuwa na 28 kuwa bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe. Sau da yawa a lokacin mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.

"Gudan jini", da baki ya saba da shi, bai cike giɓin ba, don yana sa a ɗauka ba a soma komai ba tukuna. Ga kuma kunyar cikin fari da ke jinkirta zuwa awo. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su zauna da likitoci da ungozomomi su raɗa wa matakin suna, domin ma'aikaciyar lafiya ta iya bayyana dalilin shan ƙwayar folik asid tun kafin ɗaukar ciki.