Sharhi: Mai Keke da Mai Mota a Gaban Doka, Wa Ya Fi Cancantar Kariya?

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya fara dawowa titunan Najeriya. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da suka jingine shi shekaru da dama sun kakkaɓe masa ƙura, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihu. Sai dai titin da suka dawo, tun asali da mai mota aka zana shi, haka ma yawancin dokokinsa.

Mai mota ba ya hawa titi sai da lasin tuƙi da lambar mota da takardar shaidar lafiyar abin hawa da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tare shi da cin tararsa bisa dokar 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. Shi kuwa mai keke, Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bar ba shi lasin a hannun ƙananan hukumomi, a jeri ɗaya da amalanke da baro da kwalekwale.

Wannan bambanci ne ke sa direbobi ƙorafin cewa ana yi wa masu keke sassauci. Ƙorafin na da tushe, domin ana ganin masu keke suna bin hannun da ba nasu ba, suna keta jar danja, suna tafiya cikin dare babu fitila. Ƙa'idar hanya ta hau kan kowa, kuma wanda ya karya ta ya jefa rayuwarsa da ta masu tafiya a ƙasa cikin haɗari.

Duk da haka, tsananin doka yana bin girman ɓarnar da abin hawa zai iya yi. Mota tana da nauyin da ya haura tan guda, keke kuwa bai fi 'yan kilo ba. Idan suka yi karo, mai keke ne ake kaiwa asibiti ko maƙabarta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

'Yan Najeriya ba su manta da marigayi Ojo Maduekwe ba, Ministan Sufuri da ya riƙa kiran jama'a su rungumi keke, har mota ta buge shi yana kan kekensa a Abuja a 2001. Idan minista bai tsira ba, ina ga lebura mai zuwa aiki da asuba?

Ɗora wa mai keke lamba da inshora irin na mai mota zai kori talaka daga abin hawa mafi sauƙi gare shi, ba tare da ceton rai ko ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a tilasta fitila da birki mai kyau da alama mai ƙyalli, a koyar da ƙa'idar hanya a makarantu, a kuma hukunta mai keken da ya bi hannun da ba nasa ba.

A ɓangaren gwamnatoci, akwai buƙatar ware layin kekuna a sababbin tituna, da rage gudu zuwa kilomita 30 a awa kusa da makarantu da kasuwanni, kamar yadda taron Stockholm na 2020 ya ba da shawara. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage mace-macen hanya da rabi nan da 2030. Cika wannan alƙawari zai yi wuya muddin mai keke na raɓe a gefen kwalta yana jiran rahamar direba.