Gona Ma Makaranta Ce, In Uba Ya Yarda Ya Zama Malami

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu daraja, ga damina ta kankama. An rufe lakwal sai watan Oktoba, makarantun allo da yawa sun yi sanyi domin malam da almajirai duk suna bakin hauya. Magidanta da dama a ƙasashen Maradi da Damagaram da Tawa sun kwashe iyali sun koma gona, wasu a tunga za su zauna har girbi. Akwai kuma waɗanda mazauninsu ya yi nisa da kowace makaranta, ƴaƴansu a gida suke rani da damina. To, wane ne malamin waɗannan yara?

Uba ne. Shari'a a wuyan mahaifi ta fara rataya tarbiyyar yaro, malam wakili ne kawai, kuma idan wakili ya yi nisa aiki ya koma ga mai shi. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito iyaye ya umarta su sa ƴaƴansu salla tun suna da shekara 7, bai keɓe mazauna birni ba. Wanda ya tafi da ɗansa gona wata uku, ya ci moriyar ƙarfinsa, ya dawo da shi ya manta surorin da ya haddace, ya cika rumbu amma ya tozarta amana.

Kada mu raina rayuwar karkara. Manzon Allah (SAW) a ƙauyen Banu Sa'ad ya yi ƙuruciyarsa ta fari a hannun Halimatu, kuma ya yi kiwon tumaki ga mutanen Makka. Tsangayun kakanninmu ma a gefen gonaki suka rayu: a yi noma da hantsi, a yi karatu da asuba da dare a bakin wuta. Abin da muke nema a dawo da shi ke nan, a cikin gida.

Karatun ba ya bukatar aji ko benci. Allo da tawada da inuwar icce sun isa. A ware lokaci bayan asuba kafin a fita, da wani bayan magariba, a yi tilawa ko da aya biyar ce. Uban da ya sauke Ahalari ko Ishmawi ya karantar da tsarki da salla. Wanda bai yi karatu ba ya nemi makwabcin gona da ya yi, ya biya shi da kwanon gero, ko ya zauna ya saurari yaron yana maimaita abin da ya riga ya sani. Uwa ma malama ce, kuma ƴa mace tana da rabo daidai da na ɗan'uwanta. Kada daka da kai abinci gona su cinye ranarta duka.

Gonar kanta littafin fiƙihu ce a buɗe. A kafa sanda a nuna wa yaro yadda inuwa ke gajarta har ta tsaya ta fara tsawo, ya san lokacin azahar ba da agogo ba. A koya masa taimama ranar da ruwa ya yanke. A nuna masa iyakar gona da haramcin tura ta ko da taki ɗaya ne, da haƙƙin burtalin makiyaya. Ranar girbi a sa shi ya ƙirga dammuna da kansa, a gaya masa cewa hatsin da ya kai nisabi, wato wusƙi 5 ko sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka idan da inji ko guga aka shayar. Yaron da ya ware damin zakka da hannunsa ya koyi lissafi da tsoron Allah a zama ɗaya.

Sai batun wasa, inda yawancinmu muke tsanantawa. Muna ɗaukar duk wani guje-guje shiririta, alhali Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya bar mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci ranar idi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da takura shi kan karatu kullum yana kashe masa zuciya, yana dusashe basirarsa. Don haka a bar wa yara la'asar. Su yi langa da tsere da ƙwallo a fako, su koyi hawan doki ko jaki, su gwada saiti da baka ko danƙo wajen korar tsuntsaye daga gero, ƴan mata su yi carafke da ƴar gala-gala a tsakaninsu.

Kokowa, wadda ƙasarmu ta mayar gasar takobi tun 1975 a Tawa, wasa ne halal a asalinsa, yana gina jiki da juriya. Sharaɗi shi ne a rufe al'aura, a nisanci caca, a raba ta da layu da surkullen da ake jingina nasara gare su. Iyo ma ilimi ne mai ceton rai, amma sai babba yana tsaye. Gulbin Maradi idan ya kawo ba wurin yara ba ne, kuma tafkunan da ruwansu ya kwanta suna ɗauke da tsargiya. Kowane wasa kuma yana tsayawa idan lokacin salla ya shiga.

Wani zai ce: malam, hannu muke nema a gona, karatu da wasa ba sa cika rumbu. Gaskiya ne talauci yana matsa mu, kuma taimakon iyaye ibada ce ga yaro. Amma a ɗora masa aikin da ƙarfinsa zai ɗauka. Ɗan shekara 8 da ya wuni a rana daga asuba zuwa magariba ba shi da sauran ƙwaƙwalwar riƙe aya. Sa'a biyu da aka rage masa ba za su hana gero yin zangarniya ba, shekarun hadda kuwa in sun wuce ba su dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma a fahimci maganar nan a matsayin izinin cire yara daga makaranta. Inda akwai lakwal ko islamiyya kusa, a mayar da su ranar da aka buɗe, ko da girbin wake da gujiya bai ƙare ba. Koyarwar gida tana cike giɓi ne ga na kusa, ga na nesa kuwa ita ce farillar da ba ta da madadi. Kuma ta fi alheri nesa ba kusa ba a kan tura yaro birni da ƙoƙon bara ba tare da guzuri ko mai kula ba.

Kowane magidanci ya zauna da iyalinsa daren yau ya yanka wa ranar yaro kashi uku: na allo, na hauya, na wasa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zame mana sanyin ido duniya da lahira. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.