Katin Laburare: Haƙƙin Da Muke Biya Amma 'Ya'yanmu Ba Sa Karɓa

Yau maganarmu da iyaye ce da kuma ɗaliban da suka samu gurbin karatu a manyan makarantu, musamman na yankinmu na Saulawa, Ikara, Makarfi, Kudan da Hunkuyi.

Idan yaro ya samu shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, ko kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kowa ya san irin ɗawainiyar da gida ke yi. Wani ya sayar da buhunan masara, wani ya kaɗa rakensa tun yana gona, wata uwar ta kai akuyarta kasuwar Makarfi. A ƙulla kuɗin rijista, a haɗa garin tuwo da kuka da daddawa, a yi addu'a a sallami yaro. To amma mu nawa ne muka taɓa karanta takardar biyan kuɗin nan layi-layi? A yawancin makarantu akwai kuɗin laburare a ciki. Wato dai mun riga mun biya wa yaro damar karanta littattafan da ko gonar gado muka sayar ba za mu iya saya masa su ba. Abin takaicin shi ne, ɗalibai da yawa sai su gama makaranta ba su taka ƙofar wurin ba, sai ranar da suke neman sa hannun sallama.

Me ya jawo haka? Na farko, handawut. Malami ya taƙaita darasi a 'yan shafuka, ɗalibi ya yi fotokwafi, ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Na biyu, waya: an ɗauka duk abin da ake nema yana cikinta. Na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, kunya ce. Yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da ɗakin karatu, idan ya ga dogayen kantoci cike da littattafai, ga shiru, ga mai gadi a bakin ƙofa, sai ya ji kamar wurin ba nasa ba ne. Gudun kada a ce baƙauye ne sai ya juya. Alhali matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikacin laburare albashinsa na amsa tambaya ne.

Matakin farko shi ne rijista. A makonnin farko na shiga makaranta ɗalibi zai je da takardar shaidar samun gurbi, da rasidin biyan kuɗi, da hotunan fasfo, a ba shi kati. Kada a bari sai jarrabawa ta matso. A bakin ƙofa ana ajiye jaka, ba a shiga da abinci ko abin sha, a rufe wa waya baki. Idan za a fita, mai gadi kan duba abin da ke hannu. Wannan ba zargi ba ne, doka ce da ta hau kan kowa, har malamai.

Sai sanin yadda aka jera littattafan, domin ba a jibge suke ba. Kowane littafi yana da lamba a ƙeyarsa, ita ce adireshinsa. Galibin jami'o'in ƙasar nan suna bin tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, wanda ke amfani da haruffa: R na fannin likitanci ne, RT aikin jinya, RG lafiyar mata da haihuwa, RJ lafiyar yara, L ilimi da koyarwa, S kuma aikin gona. Wasu makarantun kuwa tsarin Dewey suke bi, wanda aka fara fitarwa a 1876, shi kuma da alƙaluma yake aiki: 610 likitanci, 370 ilimi, 630 aikin gona. Ɗalibi zai duba katalog, na kati ne ko na kwamfuta, da sunan marubuci ko sunan littafi ko maudu'i, ya rubuta lambar, ya nufi kantar. In ya gama karatu ya bar littafin a kan tebur. Mayar da shi wurin da ba nasa ba daidai yake da ɓatar da shi, don mai nema ba zai gan shi ba.

Ba kowane littafi ake ba da aronsa ba. Ƙamusoshi, taswirori, jaridu, mujallun bincike da kundayen ɗaliban da suka gama, waɗannan a nan ake dubawa a ajiye. Akwai kuma sashen da ake keɓe littattafan da ake rububinsu saboda ƙarancin kwafi, inda ake ba mutum na 'yan sa'o'i. Sauran su ne na aro. Kowace makaranta da nata ƙa'idar game da yawan littattafan da wa'adinsu, amma a wurare da dama mako biyu ake ba ɗalibi, kuma ana buga ranar dawowa a 'yar takardar da ke manne a cikin bango. Wanda bai gama ba zai iya kawowa a sabunta masa, muddin wani bai sa suna yana jira ba. Wanda ya wuce wa'adi kuwa, tara ce ke hawa kansa kullum.

A nan ne nake roƙon iyaye su buɗe kunne. Duk littafin da aka ara da katin ɗanka, a wuyansa yake. Ko abokinsa ne ya ce "ara mini katinka, yanzu zan dawo," idan littafin ya ɓata, sunan mai kati ne a rubuce. Hukuncin da aka saba shi ne ya sayo irinsa, ko ya biya kuɗinsa na yau, wani wurin har da ƙari. Manyan littattafan kimiyya da na lafiya kuwa mafi yawansu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Idan bai biya ba, maganar ba ta mutuwa. Tana nan tana jiransa a ƙarshen karatu, lokacin da zai zaga da takardar kiliyarans daga ofis zuwa ofis. Laburare na cikin masu sa hannu, kuma in ba su sa ba, sakamako da satifiket suna iya maƙalewa. Yaro ya gama karatu, tsararrakinsa sun wuce bautar ƙasa ko sun kama aiki, shi yana gida saboda littafi ɗaya da ya ara shekara uku baya.

Don haka idan ɗalibi ya zo hutu da littafi mai hatimin makaranta, a tambaye shi ranar mayarwa. A nisanta shi daga ƙanne masu yage-yage, da ɗigar rufi lokacin damina, da gara, da man girki. Kada a yi rubutu a ciki, kada a naɗe shafi, balle a yage babin da ake so a bar 'yan aji da bango. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma littafin laburare amana ce ta waɗanda ba su ma shigo makarantar ba tukuna.

Wani zai ce, ai littattafan da ke wasu kantocin sun tsufa. Gaskiya ne, kuma a fannin lafiya wannan ba abin wasa ba ne. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon littafin magunguna. Littafin da aka buga kafin 2005 zai iya gaya wa ɗalibi cewa kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, alhali tun wajen wannan shekara Najeriya ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsohon. Saboda haka a riƙa duba shekarar bugu a bayan shafin farko, a kuma tambaya ko akwai sabon bugu a sashen da aka keɓe.

Maganin tsufan littafi shi ma yana cikin laburaren, a ɗakin kwamfutoci. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin Hinari, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dubban mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. A 2003 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo irinsa mai suna AGORA domin fannin noma. Makaranta ce ke yin rijista, ba ɗalibi ba, don haka laburare za a tambaya ko tana ciki da yadda ake shiga. Akwai kuma PubMed da kowa zai iya bincike a cikinsa ba tare da biya ba, da AJOL mai tattara mujallun binciken Afirka. Ɗalibin da zai rubuta firojek a kan rashin jini ga masu juna biyu ko cututtukan tumatir, a irin waɗannan wurare zai sami abin dogaro, ba a saƙon da aka turo ta WhatsApp ba.

In abin da ake nema babu shi a makaranta, Zariya ba nisa. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka sa wa sunan gwamnan tsohuwar Jihar Arewa, yana cikin mafiya girma a ƙasar nan. Mai binciken tarihi kuma ga Gidan Arewa a Kaduna, da aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya karɓi takardar gabatarwa daga laburaren makarantarsa, a bar shi ya zauna ya karanta, ko da ba za a ba shi aro ba.

Ga 'ya'yanmu mata ma akwai wata fa'ida. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya rabuwa da hayaniya da baƙi, gida kuma aiki ba ya ƙarewa. Laburare wuri ne mai tsari da natsuwa, inda yarinya za ta zauna sa'a biyu ba wanda ya aike ta. Matar aure mai karatu, maigida ya taimaka mata da wannan lokaci, ko sau biyu ne a mako.

Iyaye, ba sai kun iya Turanci za ku bibiyi wannan ba. Idan yaro ya kira waya yana neman kuɗin handawut, ku tura masa abin da ya samu, sannan ku tambaye shi: ka karɓi katin laburare? Wane littafi ka ara a wannan watan? Yaushe za ka mayar? Idan ya zo gida, ku ce ya nuna muku katin da idonku. Ɗan da ke koyon aikin lafiya yau, gobe shi zai duba mu a asibitin Ikara ko na Hunkuyi, kuma babu mai son allurar wanda iliminsa bai wuce shafi ashirin na fotokwafi ba.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.