TABAR BATIR: INA MUKA TSAYA?

'Yan'uwa na rassan Dakoro, Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya da Sabon Mashi,

Akwai wata sabuwar taba da ake ce wa sigarin lantarki. Ba ganye a cikinta, ba a kunna ta da ashana. Ƙaramin batir ne ke dafa wani ruwa mai ɗauke da nikotin, watau dafin nan da ke sa mashayi ya kasa rabuwa da taba, sai mutum ya zuƙi tururin. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙago ta a 2003. Kayan da ya shiga kantunan birni kuwa ba ya daɗewa bai hau motar kasuwa ya iso mu ba. Saboda haka gara mu san inda muka tsaya tun da wuri.

A ƙasashen Turawa an sha gardama a kan ko dokar hana shan taba cikin jama'a za ta haɗa da wannan. A Disamba 2013 majalisar birnin Niyok na Amurka ta haɗa su. Masu shan ta suka cika zauren majalisa suna busa tururi don nuna ƙin yarda, amma doka ta wuce. A Wales, cikin Birtaniya, an kawo irin wannan shiri ya faɗi a 2016, da aka sake kawo dokar a 2017 sai da aka cire wannan sashe. Faransa ta bi tsakiya: tun 1 ga Oktoba 2017 ta hana shan ta a makarantu, da motocin haya da jiragen ƙasa, da ɗakunan aiki na tarayya.

Su waɗanda suka yi tsayayya me suka ce? Da yawansu tsofaffin mashaya ne. Sun ce shekara da shekaru suna fama da sigari, wannan abu ne ya raba su da ita. Sun ce in an kore su waje tare da masu sigari, an mai da su bakin ramin da suka fito. Sun kafa hujja da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila, wadda a 2015 ta ce cutarwar tabar batir ba ta kai ta sigari ba, nesa ba kusa ba. Ba mu raina wannan magana ba. Talaka in ya yi kuka, sai a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

Amma sai mu duba wanda ke tsaye bayan labule. A Disamba 2018 kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin ɗari na kamfanin Juul a kan dala biliyan 12.8. Kamfanin British American Tobacco shi ma yana da tasa, mai suna Vuse. Wanda ya sayar mana da ciwo shi ne ya dawo yana tallar magani! Kuma in don tsoho mai tari aka yi ta, me ya kawo ɗanɗanon mangwaro da alewa a ciki? Yaro ake farauta. Turawan da kansu sun farga: a 2025 Faransa da Birtaniya duka sun hana sayar da irin wadda ake sha a yar. To kayan da aka rufe wa ƙofa can, ina za a nufa da shi? Mun san amsa tun zamanin kantunan mulkin mallaka.

Mu a Nijar muna da doka. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, aka kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a da motocin haya, ta hana talla, ta hana sayar wa yara. Ku gaya mana gaskiya, a wace tasha kuka ga ana aiki da ita? Wa bai taɓa shiga motar Maraɗi ba ya ga an kunna kara, ga mace da goyo a gefe, tana tari ba ta da bakin magana? Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ga matsayinmu. Iskar ɗaki da ta mota ta kowa ce. A makaranta, a asibiti, a ofis, a cikin mota, kada a sha ko wacce, ta wuta ko ta batir. Cutarwarta ta gaza ta sigari, amma ba iskar Allah ba ce, kuma mai goyo ba ta ce a ba ta ba. A fili kuwa, a fada ko bakin kasuwa, babban mutum da ke neman rabuwa da sigari a bar shi, kada a mai da shi abin kamu. Ba mu yarda doka ta zama hanyar tatsar ɗan tebur ba, alhali mai shigo da kaya kwali-kwali yana barci lafiya. In za a kama, a fara daga sama.

Saboda haka kowane reshe ya yi abu uku kafin taro na gaba.

Na ɗaya, a karanta wannan takarda a fili, a bar masu shan taba su faɗi nasu ba tare da an yi musu dariya ba.

Na biyu, a zauna da shugabannin tasha da direbobi, a roƙe su su hana hayaƙi da tururi cikin mota. Maganar direba a motarsa ta fi ta jandarma.

Na uku, a zaga wajen masu tebur da ke kusa da makarantu, a yi musu magana ta 'yan'uwa: kada a sayar wa yaro, ko kara ɗaya, ko an ce aike ne.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.